Ciwo Mai Makulli Ɗaya: Taɓin Hankali a Tsofaffin Finafinan Amurka

A 1948 darakta Anatole Litvak ya fitar da The Snake Pit, inda Olivia de Havilland ta fito a matsayin Virginia, matar da aka kwantar a asibitin masu taɓin hankali na gwamnati. Mary Jane Ward, wadda aka ɗauko labarin daga littafinta, ita ma ta taɓa kwanciya a irin wannan asibiti. Fim ɗin bai rufa wa kowa asiri ba: ga cunkoso, ga ƙarancin ma'aikata, ga jona wa majinyata lantarki a ka. Ya cancanci yabo, domin zuwa 1955 mutum sama da 550,000 ne ke kwance a asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohin Amurka.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun waraka. Virginia ta fara samun sauƙi ne da likita ya tono laifin da ta ɗora wa kanta tun tana ƙarama kan mutuwar mahaifinta. Haka Alfred Hitchcock ya yi a Spellbound na 1945: da jarumin ya tuna yadda ɗan'uwansa ya mutu ta sanadinsa bisa tsautsayi, sai ƙulli ya warware. Koyarwar Sigmund Freud ce ke tashe a wurin likitocin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma yi wa marubutan fim daidai, tunda ta mayar da ciwo wani sirri da za a iya bankaɗowa cikin awa biyu. A Psycho na 1960 ma likita ne ya zo ƙarshe ya fassara halin Norman Bates, majinyacin da ke cikin fim ɗin, sai dai a nan an mayar da majinyaci makashi, alhali galibin masu wannan lalura ba su cutar da kowa.

Illar wannan salo ta fi fitowa a The Three Faces of Eve na 1957, wanda ya ba Joanne Woodward kyautar Oscar. Eve, jarumar fim ɗin mai fama da sauye-sauyen ɗabi'u, ta warke da ta tuna ranar da aka tilasta mata sumbatar gawar kakarta. 'Yan kallo suka koma gida hankali kwance. Ita kuwa Chris Costner Sizemore, matar da aka gina labarin a kan rayuwarta, ta ci gaba da fama da sauye-sauyen ɗabi'u sama da 20, tana ganin likita bayan likita, ba ta samu kanta ba sai a shekarun 1970.