Siffar Taragun Kwashe Baraguzai a Aikin Gyaran Layin Dogo: Nazari a Kan Birtaniya, 1951–2011

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda siffar taragun kwashe baraguzai ta sauya a layin dogon Birtaniya cikin shekara sittin. Ta kafa hujja cewa abubuwa biyu ne suka tsara wannan tarago fiye da ra'ayin masu zana shi: nauyin kayan da yake ɗauka, da irin abin da ake loda shi da sauke shi da shi. Ta kuma nuna cewa da yake tarago ne da ba ya kawo kuɗin shiga, an daɗe ana haɗa shi daga ragowar taragun kasuwanci, kuma daga nan yawancin matsalolinsa suka samo asali.

1. Gabatarwa

Layin dogo a kan tsakuwa yake zaune. Ƙarfen dogo yana kan silifa, wato sandunan katako ko na kankare, su kuma suna kwance a kan fasasshen dutse mai kaurin kimanin milimita 300. Wannan tsakuwa ita ke rarraba nauyin jirgi, ta riƙe silifa kada ta gusa, ta kuma bar ruwan sama ya tsiyaye. Muddin akwai sarari tsakanin duwatsun, aiki na tafiya. Da zarar gari da laka sun cike sararin, ruwa ya kwanta, silifa ta riƙa nutsewa tana tasowa duk lokacin da jirgi ya wuce, layin ya karkace. A littafin da Selig da Waters suka wallafa a 1994 sun nuna, bisa samfuran layukan Amurka ta Arewa, cewa kashi 76 cikin ɗari na wannan gurɓata daga niƙewar tsakuwar kanta yake fitowa. Ke nan ko an kiyaye layi daga ƙura da zubar kaya, ranar haƙe shi tana nan tafe.

Lissafi mai sauƙi zai nuna girman aikin. Idan aka haƙe faɗin mita 4 da zurfin santimita 30 a kilomita guda na layi ɗaya, za a fitar da mita kubik 1,200, abin da ya kai kimanin tan 2,000. Dole kuma a kwashe shi cikin 'yan awoyin da aka rufe layin, galibi da dare ko a ƙarshen mako, a wurin da sau da yawa mota ba ta da hanyar shiga. An yi rubutu mai yawa a kan injinan gyaran layi, amma taragon da ke fitar da abin da suka haƙo bai samu kulawar masu nazari sosai ba, alhali idan ya cika babu na canji, injin komai tsadarsa tsayawa yake yi.

2. Zamanin shebur

Bayan an mayar da kamfanonin jirgin ƙasa hannun gwamnati a 1948, hukumar British Railways ta fara ƙera taragon Grampus a 1951, ta kuma yi dubbai daga cikinsa cikin kimanin shekara goma. Sunan yana cikin al'adar sashen injiniyoyi ta laƙaba wa taragunsu sunayen halittun ruwa domin saƙon waya ya taƙaita. Grampus na ƙarfe ne, mai ƙafa huɗu, yana ɗaukar tan 20. Gefensa gajere ne, kuma kowane gefe ƙofofi ne da ake kwantarwa ƙasa.

Duk wannan tsari domin lebura aka yi shi. Mai shebur ba zai iya wurga laka sama da kansa dare guda cur ba, saboda haka gefe ya zama gajere. A wurin saukewa kuwa, sai a buɗe ƙofofi, mutane su hau su ture kayan ƙasa. Taragon yakan kai sabuwar tsakuwa ko silifa wurin aiki, ya dawo da baraguzai. A ganina babu wani aibi a zanen Grampus. Ya dace da hannun da aka yi shi dominsa, shi ya sa ya yi shekaru da dama yana aiki. Abin da ya tsufar da shi biyu ne: yawancinsu an ƙera su ba tare da birkin da direba ke sarrafawa daga kan jirgi ba, sannan hannun da ke loda shi ya sauya.

3. Nauyi da taragun gado

Sashen gyaran layi bai cika samun kuɗin sabon tarago ba. Abin da kasuwanci ya gama da shi ake tura masa. Da jigilar kwal a ƙananan taragu ta ja baya, sai aka miƙa wa injiniyoyi taragun kwal masu tan 16, waɗanda aka ƙera sama da 200,000 daga cikinsu. A nan matsalar nauyi ta fito fili. Cikin wannan tarago ya kai kimanin mita kubik 18, an auna shi ne da kwal, wanda mita kubik ɗinsa bai cika tan ɗaya ba. Jiƙaƙƙun baraguzai kuwa sukan kai tan 1.8 ko fiye. Buhun gawayi da buhun siminti ke nan: ido yana ganin girma ɗaya, kafaɗa ce ke sanin bambanci. Idan aka cika taragon har baki, ya ɗauki ninki biyu na abin da sifirin da ƙafafunsa za su iya.

Umarni a takarda bai hana hakan ba, domin mai lodi da tsakar dare, ana ruwa, ga lokacin buɗe layi na matsowa, ba ya tsayawa auna komai. Inda ya ga sarari nan yake zubawa. Maganin da aka samo ya cancanci a dube shi da kyau. Sai aka sa masu walda suka yanke dogayen tagogi a jikin taragon, wajen rabin tsayinsa. Da kaya sun kai wannan layi, sai su fara zubowa ta tagar. Taragon ya yi muni, amma iyakar lodi ta koma jikin ƙarfe maimakon ƙwaƙwalwar mutum. An sake yin irin wannan yanka a shekarun 1990 ga wasu taragun Limpet, kafin daga baya a datse gefen nasu gaba ɗaya. Daga nan ƙa'idar ta zauna: a yi bodin gajere yadda ko an cika shi fal ba zai wuce kima ba.

Akwai kuma batun karkatar lodi, wanda gajeren bodi bai warware ba. Taragon da kaya suka taru a gefe ɗaya yana rage nauyin da ke danne ƙafar ɗaya gefen, kuma a layin da ya murɗe, irin wanda ake cikin gyarawa, wannan ƙafa tana iya hawa kan dogo ta sauka. Binciken hukumar binciken haɗurran jirgin ƙasa ta Birtaniya a kan saukar taragu daga layi a mahaɗar Angerstein a Landan, a Afrilun 2014, ya gano haɗuwar murɗewar layi da ragowar dutse da ya manne a gefe ɗaya na taragon da aka ɗauka fanko ne. Taragon kasuwanci ne, amma darasin ya shafi na baraguzai, domin laka ta fi fasasshen dutse mannewa.

4. Da katafila ta karɓi aiki

Daga 1982 zuwa 1988 an ƙera taragun Turbot kusan 1,000 a kan shasin tsofaffin taragun ɗaukar ƙarfe. Kowane yana ɗaukar tan 34, amma an bar masa ƙofofin gefe irin na da. A lokacin katafila mai haƙa ta riga ta maye gurbin shebur, kuma bokitinta ba ya tausayin ƙofa. Yana dukan ta wajen zubawa, yana kankare ta wajen kwashewa, har ta lanƙwashe ta ƙi rufuwa. Ƙofar da ta kasance alfanu ta koma wurin rauni.

Sauyin ya bayyana a ƙarshen shekarun 1980, sa'ad da aka yi amfani da shasin taragun kwal masu tan 21 aka fitar da nau'i biyu: Rudd, mai ƙofofi da birkin matsattsiyar iska, da Clam, akwati zalla mai haƙarƙarin ƙarfe a waje, ba ƙofa ko ɗaya. Tafarkin Clam ne ya ɗore. Bayan an sayar da harkar jirgin ƙasa ga 'yan kasuwa, kamfanin EWS ya fara ƙera Coalfish a 1997, nan ma a kan shasin taragun da suka yi jigilar kwal zuwa tashoshin lantarki. Sai a 2003 da 2004, bayan haɗarin jirgin ƙasa na Hatfield a shekarar 2000 ya tilasta sabunta layuka da yawa kuma Network Rail ta karɓi ragamar kula da layukan a 2002, aka sayo sababbi fil: Falcon guda 555, waɗanda aka ƙera a Arad ta Romaniya. Shi ma akwati ne dogo, gajeren gefe, mara ƙofa.

5. Bel maimakon bokiti

Mataki na gaba ya fito daga kamfanin Plasser & Theurer na Ostiriya. Injin tankaɗe tsakuwa yana ɗaga layin, sarƙa mai haƙora ta ratsa ƙarƙashin silifa ta kwaso komai, rariya ta mayar da dutse mai kyau, garin kuma ya wuce cikin taragun MFS. Ƙasan kowane tarago bel ne mai tafiya, a bakinsa kuma akwai wani bel da ke miƙa kaya ga na gaba. Na can nesa ke fara cika, sannan na bayansa. Ana iya cire waɗanda suka cika a tafi da su, injin bai tsaya ba. Jerin da Network Rail ta fara amfani da shi a tsakiyar shekarun 2000 ya kai tsawon kimanin mita 800.

Duk da haka bel bai kori akwati ba, kuma ban ga alamar zai kore shi ba. A mahaɗar layuka, da inda sai an haƙe har ƙasar da ke ƙarƙashin tsakuwa, katafila ce ke aiki, kuma akwatin ƙarfe mara inji ba shi da abin da zai lalace a tsakiyar dare.

6. Makomar kayan, da batun layi ɗaya

A da, ramukan juji da ke gefen layi ake kai baraguzai a zubar. Harajin zubar da shara a rami da aka kafa a 1996, tare da tsaurara dokokin muhalli, ya sauya lissafin. A 2011 Network Rail ta buɗe cibiyar sake sarrafa kayan layi a Whitemoor, kusa da garin March a Cambridgeshire, inda ake tankaɗe tsohuwar tsakuwa a wanke ta a sayar wa masu gini da masu hanya. Wannan ya ƙara wa taragon wani aiki: raba kaya tun a wurin haƙa, domin wanda man inji ya gurɓata, kamar na tashoshin da kan jirgi ke daɗewa a tsaye, ba a cakuɗa shi da mai tsabta.

Wani sharaɗi da ba a cika faɗa ba yana ƙarƙashin tsarin akwati da katafila: yana bukatar layi na biyu. Ana haƙe ɗaya, jerin taragu yana tsaye a ɗayan. Inda layi ɗaya ne tal, kamar na Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186 da aka buɗe a 2016, babu maƙwabcin da taragu za su tsaya a kai. Zaɓin da ya rage shi ne taragu masu bel da ke bin layin da ake gyarawa, ko tara baraguzan a gefe a kwashe da tifa inda hanya ta ba da dama, ko watsa su a gefen layi. Na ƙarshen nan ya fi arha, sai dai da damina ta faɗi, garin yakan gangara cikin magudanun ruwa ya toshe su, ruwa ya koma ƙarƙashin sabuwar tsakuwar da aka zuba.