Gemu da Littafi: Tarihin Karatun Manya a Ƙasar Daura

Kunyar da magidanci yake ji idan aka ce ya koma aji baƙuwa ce a ƙasar Daura. Ba mu gaje ta wurin kakanni ba, tare da makarantar boko ta shigo mana.

A tsarinmu na da, karatu hawa biyu ne. Yaro yana makarantar allo har ya sauke, daga nan sai makarantar ilimi, wadda muke kira ta zaure, kuma ita ba ta da shekarun shiga balle na fita. Bayan asuba, ko tsakanin magariba da lisha, za ka tarar da maƙeri da majemi da falke sun kewaye malami, kowa da littafinsa. Wannan yana Ahalari, wancan yana Iziyya, wani ya kai Risala ko Askari. Sarauta ta sha sauya hannu a garin nan. Malam Isiyaku ya karɓi Daura a zamanin jihadi, sarakunan Haɓe suka koma Zango da Ɓaure, sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon kakanninsa. Duk wannan bai tashi zaman zaure ba.

Fatake ma suna da rabonsu a wannan karatu. Daura tana kan hanyar ayarin da ke bi tsakanin Kano da Damagaram, ana sauke kanwa da gishiri da dabino, ana ɗaukar hatsi da tufafi da fatu. Yaro yakan koyi ciniki a hannun ubangidansa, ya san awo, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri, har ranar da za a yanka masa jari. Amma hukuncin ciniki sai ya girma yake nemansa, domin sai dukiya ta taru a hannun mutum tambayoyi suke taso masa. Ina iyakar riba, ina mafarin kuɗin ruwa? Yaya ake raba riba da wanda ya ba ka jari, kuma wa zai ɗauki asara? Ya halatta ka biya kuɗin gero tun yana gona? Nawa ne zakkar kayan da ke rumbu? Babin saye da sayarwa na Risala shi ne ajin kasuwancin kakanninmu, kuma masu furfura ne suka fi cika shi.

Boko ce ta ɗaura karatu da shekaru. Mu da muka shiga firamare a da, sai an ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓo kunne kafin a rubuta sunansa. Daga nan komai da wa'adinsa, har ritaya, wadda ake yi a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki. Wanda ya tashi cikin wannan lissafi, dole ya ɗauka cewa littafi ma yana da ranar ajiyewa.

Duk da haka gwamnatin Jihar Arewa ta gane ba za a jira yara su girma ba. A farkon shekarun 1950 ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna. Ta lardinmu na Katsina ita ce Himma. Wannan a zamanin Sarki Abdurrahman ne, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966. Mahaifina yana cikin waɗanda suka zauna ajin dare da 'ya'ya a gida. Dalilinsa ɗaya ne: yana kai gyaɗa sikeli, akawu ya rubuta abin da ya ga dama, shi kuwa ya dangwala yatsa. Daga ranar da ya iya karanta lamba, sai da aka riƙa juyo masa da takarda ya duba. A Kongo ta Zariya kuma, makarantar horon akawuna da aka buɗe a 1947 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, inda ma'aikatan En'e, har da alƙalai da hakimai, suka riƙa zuwa kwas da rawunansu.

Jami'ar karatu daga gida ita ma tana da labari da ya shafe mu. Shehu Shagari ya kafa ta a 1983, gwamnatin ɗan garinmu, marigayi Janar Muhammadu Buhari, ta dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Shi Obasanjon da ya sauka mulki ya zama ɗalibinta, ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana da shekara 80. Digirin MBA kuwa, wato digiri na biyu kan tafiyar da kasuwanci, tun 1943 Jami'ar Chicago ta Amurka ta ware masa aji na musamman don manyan ma'aikata da suka daɗe a bakin aiki. Yau Jami'ar Bayero tana da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana koyar da shi ta intanet.

Ni ma sai da na bar aikin gwamnati na kama sayen hatsi a kasuwar Mai'adua sannan na yi rajistar karatun MBA. Kasuwar bakin iyaka ta daina tafiya da ƙiyasi kawai. An rufe iyaka a 2019, an yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, an sake rufe iyakar Kwangwalam bayan juyin mulkin Nijar, ga farashin sefa da ba ya kwana inda ya yini. Wanda bai iya lissafin kuɗin ajiya da na mota da faɗuwar darajar naira ba, zai sayar da buhu sama da yadda ya saya, ya ce ya ci riba, alhali jarinsa ne yake narkewa.

A ajin, sa'o'in 'ya'yana ne suka fi yawa, Baba suke ce mini. Sun fi ni saurin hannu a kwamfuta, darasin ƙididdiga kuma ya sha hana ni barci. Amma idan malami ya kawo misalin abokin ciniki da ya ƙi biyan bashi, ko kayan da suka maƙale a hanya, ni ake juyowa a kalla. Gaskiyar da zan faɗa wa tsarana ita ce, wannan takarda ba za ta samo wa mai shekara 55 sabon aiki ba, kuma kuɗin makaranta yana gogayya da na yara. Wanda zai yi, ya yi don dukiyar da ke hannunsa da magadan da zai bar wa ita.

Tun 2019 Daura ta samu Kwalejin Fasaha ta Tarayya, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri. Roƙona ga shugabanninsu da masarauta shi ne a yawaita azuzuwan yamma da na ƙarshen mako kan lissafin kuɗi da tafiyar da kasuwanci, har da gajerun kwasa-kwasai cikin Hausa don 'yan kasuwar da ba su da takardar boko. Kai kuma ɗan'uwa mai jin nauyin zama da yara a aji, ka sani kakanka bai ji wannan nauyi ba. Hausawa sun riga sun yanke hukunci, gemu ba ya hana ilimi.