Yadda Kyanwa Ta Samu Takardar Asali

A gidajenmu ba a sayen kyanwa. Ko dai maƙwabciya ta aiko yaro da 'yar mage a kwali, ko kuwa ita da kanta ta diro ta katanga, ta ga ana jefa mata ƙayar kifi, ta yi zamanta. Babu mai tambayar ubanta. Kowa ya san wani muzurun unguwa ne, wataƙila ma wanda ya addabi 'yan tsaki. Haka abin yake a Ingila har bayan tsakiyar ƙarni na 19. Kyanwa 'yar aiki ce, aikinta ɓera, ladanta ragowar abinci. Ta shafe dubban shekaru tare da ɗan Adam a kan wannan ciniki (a tsibirin Sayifurus an tono kabarin mutum da kyanwa kusa da shi, mai shekara kusan 9,500), amma ba a taɓa rubuta mata salsala ba.

Wanda ya sauya wannan wani mai zane ne, Harrison Weir. Dama ɗan kiwon tantabara da kaji ne, ya saba da gasarsu, kuma duk wanda ya taɓa zama da masu tantabara a Kano ko Zariya ya san yadda ake kwana ana musu a kan launin fuka-fuki. An riga an yi wa karnuka gasa a Newcastle tun 1859. Sai Weir ya ce kyanwa fa? Abin da ya dame shi shi ne wulaƙancin da take sha: yara su jefe ta, manya su kore ta. A lissafinsa, idan mutane suka ga ana ba ta lambar yabo, za su riƙa kula da ta gidansu.

Ranar 13 ga Yulin 1871 aka buɗe gasar a Crystal Palace, wani katafaren gini na gilashi da ƙarfe a Landan. Kyanwowi wajen 170 aka jera a keji, kowacce a kan jan matashi, jama'a suka yi ta tururuwa. Alƙalai uku ne: Weir, da ɗan'uwansa John, da wani limamin coci. Tsohuwar magen Weir ma ta ci kyauta a rukuninta. Mai gasa, alƙali, kuma mai kyanwar da ta ci. A bar wa mai karatu ya yi nasa hukunci.

Abin da ya ɗore daga wannan rana wata takarda ce. Don alƙalai su samu abin dogaro, Weir ya zauna ya rubuta siffofin da ake nema ga kowane iri: girman kai, tsayin kunne, launin ido, laushin gashi, tsawon wutsiya, kowanne da makinsa. Daga baya ya faɗaɗa su a littafin da ya wallafa a 1889. Da ma ana bambanta kyanwa da launi ne kawai, baƙa ko fara ko mai zane. Yanzu ga ma'auni a rubuce, kuma mai kiwo zai zaɓi mace da muzurun da za su haifo abin da ya fi kusa da rubutun. A 1887 aka kafa ƙungiyar masu kyanwa ta National Cat Club, Weir ne shugabanta na farko, ita ce ta fara ajiye littafin rajista na uwa da uba da kakanni. Bai daɗe ba ya fice ransa a ɓace. Kukansa shi ne 'yan ƙungiyar sun fi damuwa da cin kyauta a kan lafiyar dabbar.

Baƙin kyanwowi su suka ƙara wa abin armashi. A 1884 wani jami'in jakadancin Birtaniya a Bankok, Edward Gould, ya kawo wa 'yar'uwarsa Lilian wasu biyu, Pho da Mia, masu farin jiki, baƙar fuska da shuɗin ido. 'Ya'yansu aka nuna a Crystal Palace a 1885, daga nan 'yar Siyam, wato Tailan ta yau, ta shiga gidajen masu hali. 'Yar Farisa mai dogon gashi kuwa ta riga ta mamaye fage, har ta ture magen gida ta Ingila gefe, abin da Weir bai ji daɗinsa ba.

Amurka ta bi sahu. A 1895 aka yi babbar gasa a Madison Square Garden a birnin New York, wata mage mai suna Cosey, irin jihar Maine, ta zo ta ɗaya, aka ba ta abin wuya na azurfa. Ƙungiyoyin rajistar kyanwa suka yi ta kafuwa: CFA a 1906, GCCF a Birtaniya a 1910, FIFe a Turai a 1949, TICA a 1979. Har yau ba su yarda da juna a kan yawan ire-iren ba: CFA na lissafa kimanin 45, TICA ta haura 70.

Gasar GCCF tana da wata al'ada da ta burge ni. Bargon da ke cikin keji fari ne, kwanon ruwa fari, kaskon kashi fari, sai lamba kawai a jiki, don kada alƙali ya gane kyanwar wane ce. Yana zagayawa da ɗan tebur mai taya. Ya ciro ta, ya shafa gashin baya, ya duba haƙora, ya bi wutsiya da yatsa ko akwai lanƙwasa, ya mayar da ita, ya goge hannu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya wuce ta gaba. Mai ita kuwa ya yi kwanaki yana wanka da taje gashi, an kuma fitar da shi daga zauren kafin a fara.

Sai dai idon alƙali ba ya ƙoshi. Idan takarda ta ce ana son gajeren hanci, wadda ta fi gajarta ita ke ci, baɗi kuma sai a kawo wadda ta fi ta. Dubi hoton 'yar Farisa na shekarun 1890: tana da hanci kamar kowace mage. Ta gasa a yau fuskarta a shafe take kamar an danna ta da tafin hannu, hanci ya koma tsakanin idanu. Sakamakon haka numfashi da ƙyar, hawaye kullum yana zuba yana ɓata gashin fuska, haƙora a cushe, haihuwa da wahala saboda girman kan jariri.

Labarin mai naɗaɗɗen kunne ya fi wannan ciwo. A 1961 wani makiyayi a Sikotilan, William Ross, ya ga wata farar magen gona, Susie, kunnuwanta a kife. Daga zuriyarta aka fitar da irin da ake kira Scottish Fold. Abin da ke naɗe kunnen lahani ne a guringuntsi, kuma bai tsaya a kunne ba, yana bin gaɓoɓin ƙafa da wutsiya, ya bar dabbar da ciwon da ba ta iya faɗa. Tun farkon shekarun 1970 GCCF ta daina yi musu rajista. Kasuwa kuwa ba ta daina ba, hotunansu sun cika Instagram.

Yanzu ana tallan 'yan Farisa a shafukan sada zumunta har a biranenmu, da tsadar da ta kai ta rago. Mai niyyar saye, kafin ka tambayi takarda, ka nemi a nuna maka uwar. Ka sa kunne ka ji yadda take numfashi, ka duba gefen idonta ko a jiƙe yake, sannan ka tuna cewa wannan gashin zai shiga zafin watan Afrilu tare da kai.