Kurtun Tawada Ɗaya a Zaurukan Kwarbai

A Kwarbai fadar Sarkin Zazzau take, kusa da Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Tun kafin Baturen mishan Dokta Miller ya zauna birnin Zariya a 1905 ya fara koyar da boko, yaran unguwar suna da wurin karatunsu, wato zauren malam.

A zaure ba benci, ba kujera. Malam yana kan buzu, yara sun kewaye shi a ƙasa, ɗan bafade kusa da ɗan mahauci, 'yan mata ƙanana a gefe guda da allunansu. Kowa da allonsa, amma tawada ta kowa ce. Yaran ne kan kankaro baƙin tukunya daga gidajensu, a haɗa da ƙaro, a zuba a kurtu ɗaya, alƙaluma su yi ta shiga suna fita. Wanda ya yi nisa a karatu shi ke biya wa na bayansa, har ya riƙe masa yatsa a kan baƙaƙe. Da yake da baki ake ɗaukar karatun, yaro makaho ma yana da wurin zama. Sau da yawa haddarsa ta fi ta masu ido.

Sai sadaka. Idan yaro ya kai wata sura, ko wani gida yana neman addu'a, a aiko da waina, ƙosai ko gumba. Malam ya sa babba ya raba, ƙanana suna kallon hannunsa, don kada ya yi son kai. Wanda iyayensa suka kasa biyan kuɗin Laraba, rabonsa daidai yake da na ɗan attajiri. Gaskiya akwai bulala, kuma wani lokaci takan wuce kima, amma ba a cika korar yaro don talauci ba.

Boko ta zo da wani tsari, musamman bayan shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976: layi-layi ana fuskantar allo ɗaya, kowa yana kare littafinsa da hannu.

Malaman firamare na Kwarbai, yawancinku a zaure kuka fara karatu. Ku riƙa zaunar da 'yan aji ɗaya a da'ira, ku bar mai alli ya gutsura wa marar shi.