Asalin Kalma: Sin

Sin shi ne sunan da Hausawa ke kiran ƙasar da Turawa ke ce wa Caina, mutanenta kuma Sinawa. Kalmar ta shigo Hausa daga Larabci ta hannun malamai. Larabawa sun karɓo ta daga Farisawa, waɗanda ke cewa Cin, da yake Larabci ba shi da harafin "c" sai ya koma "s". A tsohon harshen Sanskirit na Indiya ma akwai Cina.

Yawancin masana suna danganta sunan da daular Cin, wadda sarkinta Shi Huwangdi ya haɗe masarautun ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daular ba ta yi ƙarko ba, shekara 15 kacal ta yi, amma tun kafin nan masarautar Cin ta daɗe a yammacin ƙasar, ɓangaren da fatake ke fara isa. Wasu masana na ja da wannan bayani.

Su Sinawa ba sa kiran ƙasarsu haka. Suna cewa Junggwo, wato ƙasar tsakiya. Koriyawa da Japanawa, waɗanda suka ari rubutun Sinawa tun da daɗewa, suna karanta haruffan sunan da lafazinsu: Jungguk da Cugoku. Japanawa sun taɓa cewa Shina, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka daina, domin Sinawa na jin ta a matsayin wulaƙanci.

A Hausa, "birnin Sin" kan nufi wuri mai nisan gaske. A kasuwa Caina ta fi yawo, a wasu labaran rediyo kuwa akan ji Sin.