Sauye-sauyen Ƙirar Fulogi da Tasirinsu ga Tsofaffin Motoci Masu Kafireta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda fulogin da ake sayarwa yau a madadin na asali ya bambanta da wanda aka ƙera tsofaffin motoci da shi, musamman motocin Turai na tsakanin 1950 da 1980. Matsayar da ta ɗauka ita ce, dacewar lamba a jadawalin kamfani ba ta isa hujjar dacewar aiki ba, domin fulogi ya bi bukatun injin zamani ya sauya, alhali kafireta da kwayil da kwantak na tsohuwar mota suna nan yadda aka ƙera su.

Gabatarwa

Fulogi shi ne abin da ke tayar da tartsatsin da ke kunna cakuɗin fetur da iska a cikin silinda, kuma ginshiƙansa uku ne: sandar ƙarfe ta tsakiya, da tangaran ɗin da ke killace ta don kada lantarki ya zurare, da gangar jiki mai zare wadda ake ɗaurawa a kan inji. Tun daga 1902, lokacin da Gottlob Honold na kamfanin Bosch ya haɗa shi da maganeto mai ƙarfin lantarki, wannan siffa ba ta sauya sosai ba a ido, kuma wannan kamanni ne ke sa mai tsohuwar mota ya ɗauka cewa duk fulogin da zarensa ya shiga ramin ya wadatar. Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye, tunda Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna da Volkswagen Beetle da aka haɗa a Legas, duk a tsakiyar shekarun 1970, suna cikin wannan rukuni.

Matakin zafi da rikicin lambobi

Abin da ake kira matakin zafin fulogi shi ne saurin da yake fitar da zafi daga bakinsa zuwa jikin inji, ba ƙarfin tartsatsinsa ba, kamar yadda wasu kanikawa ke zato. Ana so bakin tangaran ya kai kimanin maki 450 zuwa 500 a ma'aunin Salshiyas domin ya ƙone baƙin hayaƙin da ke taruwa a kansa, amma idan ya haura kimanin 850 sai ya riƙa kunna fetur kafin lokaci, wanda kan iya huda fistin. Fulogi mai dogon hancin tangaran yana riƙe zafi, shi ake ce wa mai zafi, mai gajeren hanci kuma shi ne mai sanyi.

Kamfanoni ba su taɓa yin ittifaƙi kan lambobin wannan mataki ba. A wurin NGK na Japan, hauhawar lamba na nufin ƙarin sanyi, a wurin Champion kuwa tana nufin ƙarin zafi, shi kuma Bosch ya yi amfani da tsari biyu a tarihinsa: a tsohon tsarinsa babbar lamba ita ce mai sanyi, a sabon kuma akasin haka ne, ta yadda W145T1 da ke cikin tsofaffin littattafan Beetle ya koma W8AC. Saboda haka wanda ya riƙe littafin mota na 1965 ya shiga kasuwa yau yana dogaro ne da jadawalin musaya, jadawalin kuwa yakan tattara tsofaffin lambobi da dama ƙarƙashin sabuwa guda, saboda kamfani ba ya cin riba a ƙera kowane nau'i don motocin da suka yi ƙaranci.

An sassauta wannan matsala da cusa jan ƙarfe a cikin sandar tsakiya, domin yana kwashe zafi da sauri fiye da gaurayen nikel zalla, wanda ya ba da damar tsawaita hancin tangaran ba tare da fulogin ya yi zafi fiye da kima ba. Harafin C da aka ƙara wa N9Y na Champion ya zama N9YC alamar wannan sauyi ce, kuma yana cikin sauye-sauyen da suka amfani tsohuwar mota ba tare da wata illa ba.

Resista da raunin tartsatsi

Sauyin da ya fi jawo gardama shi ne shigar da resista, wato wani sinadari da ake cusawa cikin fulogin don ya rage tsananin kwararar lantarki, galibi mai kimanin ohm 5,000, kuma harafin R ke nuna shi, kamar a BPR6ES idan aka kwatanta da BP6ES. Amfaninsa shi ne danne hayaniyar lantarki da ke damun rediyo da kwamfutar inji, abin da motar zamani ba za ta iya yi ba sai da shi. Sai dai masu ƙera tsofaffin motoci sun riga sun magance wannan hayaniya a wasu wurare: Volkswagen da Mercedes-Benz sun sa resista a hular fulogi da cikin rotar distirbuta, wasu kuma sun yi amfani da waya mai cikin gawayi. Idan aka ɗora fulogi mai resista a kan waɗannan, sai juriyar ta taru a kan hanya guda, kuma ko da yake lafiyayyen kwayil yakan jure, wanda ya tsufa yakan kasa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, wato tayar da inji da sanyin safiya, sa'ad da sitata ke janye ƙarfin batir.

Tazarar baki, wato ratar da tartsatsi ke tsallakawa a bakin fulogi, ita ma ta bi wannan hanya. Motoci masu kwantak sun saba da tazarar kimanin milimita 0.6 zuwa 0.7, alhali yawancin fulogan da aka shirya wa kunnawar lantarki ta zamani suna fitowa daga kwali da milimita 1.0 ko 1.1, kuma duk lokacin da tazara ta faɗaɗa sai ƙarfin da tartsatsi ke bukata don tsallakawa ya ƙaru. Gyaran wannan ba shi da wuya, auna tazarar kawai ake yi kafin ɗaurawa, amma shi aka fi mantawa da shi.

Filatinom, iridiyom da sabon fetur

Fulogi mai bakin filatinom ko iridiyom an yi shi ne don ya daɗe, domin iridiyom ba ya narkewa sai a wajen maki 2,446, nikel kuwa a 1,455, wanda ya sa ake iya sirantar da bakin zuwa milimita 0.6 ko 0.4. Siririn baki yana bukatar ƙarancin ƙarfi kafin ya yi tartsatsi, don haka a ka'ida ya kamata ya taimaki raunannen kwayil. Abin lura shi ne, fulogin tsohuwar mota ba kasafai yake mutuwa saboda cinyewar baki ba, baƙin hayaƙi da jiƙewa da fetur ne ke kashe shi, saboda kafireta tana zuba mai fiye da injekta, ana jan cok, motar kuma sau da yawa ba ta yin tafiyar da za ta ɗumama ta sosai. Wanda ya biya kuɗin iridiyom a wannan hali ya sayi daɗewar da injinsa ba zai bari ya mora ba, ga shi kuma siririn bakin ba ya jure goga da burushin ƙarfe.

Komawa ga fulogin asali, idan ma an same shi, ba ta warware komai gaba ɗaya, domin fetur ɗin da aka auna shi da shi ya gushe. Amurka ta haramta fetur mai darma ga motocin titi a 1996, Tarayyar Turai a 2000, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021, Birtaniya kuma ta mayar da E10, mai gaurayen itanol har kashi 10 cikin ɗari, ya zama fetur ɗin gama-gari a Satumban 2021. Itanol yana ɗauke da iskar oksijin a cikinsa, don haka kafiretar da ba a sake saita ta ba takan ba da cakuɗi mai ƙarancin mai, wanda ke iya ƙara zafin silinda, kuma launin bakin fulogi, wanda kanikawa suka daɗe suna karantawa don gane lafiyar inji, ba ya fitowa yadda yake fitowa a zamanin darma.

Ban da waɗannan duka, tsawon zare shi ne ma'aunin da kuskure a cikinsa ya fi tsada. Fulogi mai zaren milimita 19 yana shiga ramin da aka yi wa na 12.7 idan kaurinsu ɗaya ne, na milimita 14, amma bakinsa zai zarce cikin silinda, inda fistin kan iya dukansa, ko kuma datti ya daskare a kan zaren da ya leƙo har ya yage zaren alminiyom na kan inji ranar da aka zo kwance shi.