Kiwon kajin ƙwai a gida: Abin da ya kamata a sani game da kwanci

A unguwar Abattoir da ke birnin Jos, kamar sauran unguwannin da gidaje suka matse juna, akurkin kaji a bayan ɗaki ƙaramin jari ne. Daga cikinsa ake samun ƙwan karin kumallo, da kuɗin cefane idan an tara kiret guda. Sanyin Filato yana taimakawa, domin Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma zafin da ke rage wa kaji ci da yawan ƙwai a Sakkwato ko Maiduguri bai cika tsananta a can ba. Sai dai akwai abu guda da ke tsayar da ƙwai ko a ina kaza take, wato kwanci.

Yadda kaza ke yin ƙwai

Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikin kaza, don haka ba ta wuce ɗaya a rana. Ba ta bukatar zakara kafin ta saka, amma ƙwan da babu zakara a kansa ba ya ƙyanƙyasuwa. Kajin gidan gona, irin su ISA Brown da Shika Brown wadda cibiyar NAPRI ta Shika a Zariya ta samar, kan fara sakawa a mako na 18 zuwa 20, kuma ba su cika kwanci ba. Kazar gida kuwa takan jera ƙwai 10 zuwa 15, sannan ta tsaya ta nemi kwanciya a kansu.

Haske da abinci su ne ginshiƙai. Kaza ta fi sakawa idan tana samun hasken awa 14 zuwa 16, alhali yinin Jos bai wuce kimanin awa 12 ba, shi ya sa ake ƙara fitila da asuba ko bayan magariba. Dusa da ragowar tuwo ba sa wadatarwa. Ɓawon ƙwai yana bukatar sinadarin kalsiyam, wanda ake samu a garin ƙashi, kuma ƙashi ba ya wuya a unguwar da ta samo sunanta daga mahauta. Sharaɗin shi ne a ƙona shi sosai kafin a daka.

Alamomin kwanci

Kwanci ba cuta ba ne. Wani sinadari ne mai suna furolaktin yake ƙaruwa a jikin kaza, ya dakatar da yin ƙwai. Sai a ga ta lafe a gurbi dare da rana, tana buɗa gashi, tana saran duk hannun da ya matso. Takan fige gashin ƙirjinta domin ɗumin fata ya kai ga ƙwai, ba ta fita sai sau ɗaya ko biyu a yini, kuma tana ramewa.

A nan ne mai kiwo zai yanke shawara. Kwanci na ɗaukar kwana 21, renon 'yan tsaki kuma na iya cin wata biyu, wato kusan wata uku ke nan babu ƙwai. Asarar da ta fi kowace ita ce a bar kaza ta kwanta a gurbin da babu komai, ko a kan ƙwai marasa zakara, a tashi babu tsaki babu ƙwai.

Idan ana son 'yan tsaki

A zaɓi ƙwai 8 zuwa 12 gwargwadon girman kazar, waɗanda ba su wuce mako guda ba, kuma ba a wanke su ba. A yi musu alama da fensir, domin a gane sabon da wata kaza ta shigo ta ƙara. A keɓe gurbin a wuri mai duhu-duhu, a aje ruwa da abinci kusa, tare da toka inda za ta yi birgima ta rage ƙwarƙwata. A kwana na 7 zuwa 10 a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu: mai rai zai nuna jijiyoyin jini, wanda ya fito fayau kuwa bara-gurbi ne, a cire shi. Ana kuma sa wa kaza ƙwan zabi, amma shi sai ya kai kwana 26 zuwa 28. Idan ƙyanƙyasa ta faɗo cikin hunturun Disamba da Janairu, dole a tare iska daga akurki, domin sanyin daren Jos yana kashe 'yan tsaki.

Idan ƙwai ake so

A riƙa kwashe ƙwai sau biyu a rana, domin taruwarsu na ƙara jawo kwanci. Wadda ta riga ta lafe, a sa ta a keji mai ƙasan waya da aka ɗaga sama, a wuri mai haske, babu shimfiɗa, amma da ruwa da abinci. Iskar da ke ratsa ƙarƙashinta takan karya kwancin cikin kwana 3 zuwa 5, sannan ƙwai ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu. Tsoma kaza cikin ruwan sanyi, ko ɗaure ta da yunwa, na iya jawo mata ciwo.

Ba kowace tsayawar ƙwai ce kwanci ba. Sauya gashi, tsufa da cuta duk suna kawo ta. Kaza mai kwanci idonta a buɗe yake, tana da faɗa. Marar lafiya kuwa takan yi sukuku, ta saki fukafukai. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana samar da rigakafin cutar Newcastle. Idan kuma kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, wajibi ne a sanar da jami'an lafiyar dabbobi, saboda murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Najeriya a 2006.